Keken hawa dutse da hannu ɗaya: liba biyu ko liba ɗaya, da sauran abin da za a sauya

Duk wanda ya samu rauni a hannu, likita ya sallame shi, ya fara tunanin komawa kan keken hawa dutse, yawanci giya yake fara tambaya. A ganina giya ce ta ƙarshe a layi. Mutum zai iya yini a giya ɗaya, iyaka dai ya sauka ya tura in ya zo tudu. Abin da ke mayar da mutum gadon asibiti birki ne da kan keke, musamman a irin gangaren da muke da shi a Ɗa'if, wajen Hada da Shafa, inda tsakuwa ke kwance a kan dutse, kwana kuma ba ta sallama kafin ta fito.

Mutanenmu da ke nan Saudiyya da dama aikinsu na babur ne, ko tuƙi, ko gini, kuma raunin hannu iri biyu ne aka fi gani a cikinmu. Akwai wanda aka yanke wa hannu, ko daga wuyan hannu ko daga sama da gwiwa. Akwai kuma wanda hannun yana nan amma ya shanye, saboda jijiyoyi biyar ɗin da ke fitowa daga wuya su bi ta kafaɗa sun tsinke ko sun ja, abin da faɗuwar babur ta fi haddasawa. Mai irin wannan rauni na biyu, ina roƙonsa kada zancen keke ya ɗauke masa hankali daga zancen likita. Aikin gyaran jijiya yana da lokaci, likitoci ba sa son a ja shi har ya wuce kamar wata shida.

A keken zamani hannu biyu suna raba aiki biyar: riƙe kai, birkin gaba, birkin baya, sauya giya, da sauke sirdi (sirdin da ke sauka ya tashi in an danna maɓalli). Yadda ake sayar da kekuna a nan, hagu ke da birkin gaba da maɓallin sirdi, dama ke da birkin baya da giya. In hannu ɗaya ya fita daga lissafi, yatsu biyar ne za su ɗauki duka. Babban yatsa da na zobe da ƙarami su riƙe roba, manuni da na tsakiya su ja birki, babban yatsan kuma ya riƙa zamewa yana danna giya da sirdi. Shi ya sa kafin a kashe riyal ɗaya sai a duba lafiyayyen hannun da kyau. Dama ne ko hagu? Yatsun nan biyu suna iya aiki kowanne da kansa, ko sai tare suke motsi? Ƙarfinsu yana kai minti goma ana matsa ana saki? Amsar nan ce ke zaɓa wa mutum birki, ba kuɗin aljihunsa ba.

Birki: hanyoyi uku, kuma ba ɗaya suke ba

Hanya ta farko ita ce liba ɗaya, wato ƙarfen da yatsa ke matsawa, ta ja birkin gaba da na baya tare. Ita ce kowa ke fara tunawa, domin ta fi kama da sauƙi. A birkin waya ana samun liba mai bakin waya biyu, kamar Double Barrel na kamfanin Problem Solvers, ko a saka ɗan ƙarfen da ke raba waya ɗaya zuwa biyu a tsakiyar hanya. A birkin mai kuwa ana raba tiyo gida biyu, ko a sayi wanda aka ƙera da haka tun daga masana'anta, kamar Auriga Twin na Tektro, wanda asali don keke mai ƙafa uku aka yi shi.

Alherin wannan tsari a fili yake. Yatsa ɗaya ko biyu a liba ɗaya, babu ruɗewa, babu tunanin wanne ne gaba wanne ne baya a lokacin da zuciya ta tsinke. Wanda yatsunsa ba su da ƙarfi, ko biyu daga ciki suka ƙage, sau da yawa wannan ce kaɗai hanyar da ta rage masa, kuma ba abin raini ba ce. A bakin teku a Jidda, ko a shimfiɗaɗɗun hanyoyin Wadi Hanifa a Riyad, tana aiki lafiya lau.

Matsalarta tana fitowa ne in ƙasa ta karkata. Lokacin da ka ja birki nauyinka yana komawa gaba, ƙafar gaba ta daɗa kama ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Amma a kwana mai tsakuwa lissafin juyewa yake: nan kana so ka saki gaba ta yi ta birgima, ka ɗan taɓa baya kaɗai. In ƙafar baya ta kulle, jan ƙasa za ta yi, kana iya gyarawa. In ta gaba ta kulle a kwana, kafin ka ankara kana ƙasa, kuma babu hannu na biyu da za ka tokare da shi. Liba ɗaya ba ta san kwana ba, ba ta san miƙaƙƙiyar hanya ba. Rabon da aka saita mata a warsha shi za ta ba ka ko'ina.

Ana iya lallaɓa rabon. A birkin waya sai a ɗaure wayar baya ta riga ta gaba kamawa. A birkin mai matsin da ke tiyon biyu ɗaya ne, don haka sai dai a bambanta da girman faifai, zagayayyen ƙarfen da birki ke kamawa a taya, a sa mai milimita 203 a gaba da mai 160 a baya, ko kalifa (bakin birkin da ke matse faifan) mai fistin huɗu a gaba da mai biyu a baya. Duk da haka rabo ɗaya ne tak. Ga kuma abu biyu da masu sayarwa ba sa faɗa. Mastar libar da aka saba, wato ɗan famfon da ke tura mai cikin tiyo, an auna ta ne don kalifa ɗaya, in ka ɗora mata biyu sai libar ta yi laushi, ta yi nisan tafiya, wani lokaci har ta taɓa roba birki bai gama kamawa ba. Na biyun ya fi tayar mini da hankali: in tiyo ɗaya ya fashe ko ya yi yoyo, gaba da baya tare za su tafi. Haka ma wayar da aka raba a tsakiya, in ta tsinke daga sama. Liba mai bakin waya biyu ta fi su a nan, tunda kowace waya da kanta take tafiya, sai dai ƙarfin yatsanka gida biyu yake rabuwa, dole ka ƙara matsawa kafin ka samu tsayawar da ka saba.

Hanya ta biyu ita ce a bar kowane birki da libarsa, a kwaso su duka a jera a gefe ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Manuni ya ɗauki ta sama, yatsan tsakiya ya ɗauki ta ƙasa. Wannan ita nake ba kusan kowa shawarar ya fara da ita, domin kayan suna jikin kekenka tuni. Abin da za a saya bai wuce sabon tiyo ba, in tsohon ya gaza, da man birki da ladan mai cire iska. Libobin SRAM da na Magura ana juya su su zauna dama ko hagu, don haka aikinsu ya fi sauƙi. Na Shimano kowace da gefenta, sai dai a nemo ta gefen da ake so a ƙara. Ire-iren wannan liba guda ɗaya ana samunta a Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, da rahusa wurin waɗanda suka sauya birki.

Saita su aikin haƙuri ne, kuma mai keken ne zai yi hukunci, ba makanike ba. Na tsaya a kan irin wannan aiki da wani ƙanenmu da hannun hagunsa ya shanye. Muka jingina keken da bango, ya hau ya zauna, aka sassauta kusoshin libobin da alanki yadda za su motsa amma ba za su faɗi ba. Ya rufe ido, ya miƙa yatsun biyu yadda suka ga dama, muka kawo libobin inda yatsun suka sauka. Ta ciki muka tura ta wajen tsakiyar kai har ƙugiyar bakinta ta yi daidai da gaɓar farko ta manuni, ta waje muka karkatar da ita ƙasa kaɗan. Da ya matse su tare sai ta sama ta danne masa yatsan tsakiya.

"Yaya, tana cizona," ya ce.

Muka juya ɗan dunƙulen da ke matso da liba ko nisanta ta, muka nisanta ta saman, muka ƙara tazara tsakaninsu kamar faɗin farce. Ya sake matsewa da duk ƙarfinsa, babu wadda ta taɓa wata, babu wadda ta kai roba. Sai a nan aka ɗaure kusoshin, aka zana alama da maka a jikin kai don in sun goce a gane.

Wanne yatsa zai ɗauki gaba? Ni ina ba manuni, domin shi ya fi jin abu, birkin gaba kuma shi ke son a bi shi a hankali. Wasu sun fi son manunin ya zauna inda ya saba. Wanda dama ce ta rage masa, shekara da shekaru manuninsa na dama birkin baya yake ja, a lokacin firgita kuwa jiki abin da ya saba yake yi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba zan yi jayayya da wanda ya bi ta ba. Abin da ba na so shi ne a yi ta sauyawa. A zaɓi ɗaya a zauna a kai.

Aibin wannan hanya cunkoso ne. Maɗauri biyu, masta biyu, ga giya, ga maɓallin sirdi, duk a tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba. Kuma libobin ba a ƙera su don zama maƙwabta ba, kullum ɗaya tana ɗan nisa da inda yatsa ke so.

Hanya ta uku don wannan aibin aka yi ta. Kamfanin Hope da ke garin Barnoldswick a Ingila ya ƙera Tech 3 Duo: jiki ɗaya, maɗauri ɗaya, amma liba biyu da masta biyu, kowace da tiyonta. Ana saita nisan kowace liba da inda za ta fara kamawa daban, akwai ta dama akwai ta hagu. Gaba da baya a rabe suke kamar a hanya ta biyu, in ɗaya ya lalace ɗayan yana nan, ga kuma wuri ya samu a kan keke. In ana maganar dogon gangare irin na Shafa, ko na Suda can wajen Abha inda tsauni ya kai kusan mita 3,000, ban san abin da ya fi ta ba.

Kuɗinta ne ke sa mutum ya ja numfashi, kuma ba kuɗin liba kaɗai ba. Hope da man DOT, irin man birkin mota, yake aiki, Shimano da Magura da Tektro kuwa da man minaral. Ba a haɗa su, domin man wannan yana kumbura robobin wancan har birki ya mutu. Mai keken da ke da Shimano, in ya ɗauki Duo, sai ya sauya har kalifofi da tiyo. A ƙara kuɗin aikowa da harajin kashi 15 cikin ɗari. Sannan DOT yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, DOT 5.1 kuma 260, amma da ya sha ruwa sai wannan adadi ya faɗo sosai. Wanda kekensa ke kwana a laimar Jidda ya sauya man duk shekara, kada ya jira sai liba ta yi laushi a tsakiyar gangare. Kayan gyaranta ma ba kowace warsha ke da su ba, gara a haɗo robobi da takalman birki na ajiya tun a odar farko.

Ko wacce aka ɗauka a cikin ukun, a ƙara wa birkin ƙarfi don a rage wa yatsa wahala. Faifai mai 203 ya fi mai 160 ƙarfin tsayarwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, da matsi iri ɗaya. Sai dai a duba iyakar girman da shokozobar gaba ta yarda da shi, a sayi mahaɗin da ya dace. Takalmin birki na ƙarfe ya fi jure zafin dogon gangare, na roba ya fi shiru da laushin kamu. Robar riƙo kuma a nemi siririya mai kusa, wadda ba ta juyawa, domin yatsu uku ne kawai ke zagaye da ita.

Kan keke

Ga abin da mai hannu biyu bai taɓa lura da shi ba. Duk lokacin da aka ja birki jiki yana tura kan keke gaba, hannu biyu suna turawa daidai, sai kan ya tsaya saiti. Da hannu ɗaya turawar gefe ɗaya take. Mai riƙe da dama, da ya ja birki da ƙarfi, ƙafar gaba hagu za ta nufa. Haka in taya ta daki dutse, babu hannun da zai tare fizgar. Birki mai kyau a kan da ke rawa rabin aiki ne.

Maganin da ake saya shi ne damfa, na'urar da ke danne saurin juyawar kai. Iri biyu aka fi sani. Hopey ta mai ce, ana zura ta a wuyan keke, tana da ɗan abin murɗawa a sama da ake ƙara ƙarfi ko ragewa. Kyawunta shi ne tana riƙe kai in zai bar tsakiya, amma tana sakinsa in zai dawo. ViscoSet na Cane Creek kuwa boris ɗin wuya ne da aka jera wa siraran faranti da maiƙo mai kauri a tsakani. Ya fi araha, ba ya fitowa fili, babu abin da zai yi yoyo. Amma yana riƙewa tafiya da dawowa duka, kuma in kana son sauya ƙarfinsa sai an kwance wuyan an sake jera farantan. Wanda zai tsaya a hanyoyin gonaki da ƙananan gangare, ViscoSet ya ishe shi. Wanda zai shiga duwatsu sosai da hannu ɗaya tak a kan keke, mai abin murɗawar ta fi masa, domin ƙarfin da ake so a hawa daban ne da na sauka. Kafin oda a tabbatar da ma'aunin wuyan keken, don ba iri ɗaya ba ne.

Akwai dabarar da za a kawo maka a warsha, ina so ka ƙi ta. Wani yaro makanike, ɗan kirki mai son taimako, ya taɓa ce mini: "Kawu, ai ba sai an sayi komai ba. Bari in ɗaure wuyan ya yi tauri, kan ba zai ƙara rawa ba." Na ce masa, "A'a ɗana, bar shi yadda yake." Boris ɗin da aka matse fiye da kima ba ya danne fizga, cijewa yake yi, sannan ya saki gaba ɗaya. Keke kuwa da ƙananan gyare-gyaren kai yake tsayuwa, in kan ya cije sai daidaito ya tafi, boris ɗin ma ya lalace cikin ɗan lokaci.

Faɗin kai ma abin dubawa ne. Kekunan yanzu suna zuwa da kai mai milimita 760 zuwa 800. In hannu ya matso kusa da tsakiya, nauyin jiki ba ya murɗa kan sosai lokacin birki, amma ƙarfin da za ka mayar da shi in dutse ya fizge shi ma ya ragu. Kada a yi saurin sa zarto. A tura roba da libobi ciki kaɗan kaɗan, a gwada na wasu makonni, in an samu wurin sannan a yanke.

Sirdi mai sauka

Wannan na sa shi gaba da giya ba tare da shakka ba. In sirdi ya sauka, ka ja jiki baya, ka sauke dugadugai, nauyin birki ta ƙafafu yake bi ya shiga feda, hannu ya huta. Ita ce hanya mafi inganci ta rage murɗawar da na ambata. Mai maɓallin waya yana aiki in an samo masa gurbin da babban yatsa zai kai, sau da yawa a saman kai. Reverb AXS na RockShox, wanda ya fito a 2019, ba shi da waya sam, maɓallinsa taɓawa kawai yake so. Wanda za a guje wa shi ne mai liba a ƙarƙashin sirdi. Yana da araha, amma sai an saki kai kafin a kai gare shi, mai hannu ɗaya kuwa ba shi da hannun da zai saki.

Giya

In kekenka na da faranti biyu ko uku a gaba, a mayar da shi ɗaya, libar hagu ta tafi hutu. Jerin haƙoran baya na yanzu, 10 zuwa 51 na Shimano ko 10 zuwa 52 na SRAM, ya isa hawa kowane tudu da ƙafa za ta iya. Wanda dama ta rage masa ya gama, giyarsa mai kunama tana inda take.

Mai hagu ne ke da aiki, domin giyar baya don dama ake ƙera ta. Ana iya kifa ta dama a hagu, tana aiki, amma kunamun suna komawa sama inda yatsa bai saba ba, kuma suna faɗa da libobin birki kan wuri. Giyar murɗawa, irin Grip Shift, tana barin babban yatsa ya huta, amma ban yarda da ita a dutse ba: rabin abin da kake riƙe da shi yana juyawa, hannun kuma shi kenan gare ka. 'Yar libar babban yatsa da ke zama a saman kai, irin ta Microshift, ta fi su sauƙin kai da kuɗi. Giyar lantarki ita ce ta warware matsalar gaba ɗaya. Eagle AXS na SRAM ya fito a 2019, mai rahusarsa GX ya biyo baya a 2021, maɓallinsa na Pod yana zama dama ko hagu, kuma da waya ake gaya wa kowane maɓalli aikinsa. Batirin giyar baya yana kai kamar awa 20 na tafiya, na maɓallin kuma ɗan ƙwaya ne CR2032 da ake samu a kowane kanti. Kada dai a bar batirin a motar da aka kulle a rana, zafin nan ƙasar ba ya raga masa.

Hannun da ya ji rauni: a ɗaure shi a kai ko a'a?

Nan ba ni da amsa ɗaya ga kowa, kuma nan ne bakin likitan gashin ƙashi da mai haɗa hannun roba ya fi nawa. Wanda hannunsa ya shanye, in ya bar shi yana lilo, nauyinsa yana jan kafaɗa har ta goce daga gurbinta, ga shi zai iya bugun dutse ko reshe. Mafi sauƙi a naɗe shi a ƙirji da maɗauri mai ƙarfi. Fatar da ba ta ji kuma a rufe ta, a duba ta bayan kowace fita, domin ƙarfen da ya sha rana zai ƙona ta mai ita bai sani ba.

Ɗaura hannun a kan keke yana mayar da turawa gefe biyu, wanda babban abu ne. Tom Wheeler, ɗan Wales da hannunsa na dama ya shanye a gasar gangara a 2011, ya koma hawa ne da abin tallafe hannu da ke haɗe da kai. Ga waɗanda aka yanke wa hannu akwai irin wanda Mert Lawwill, tsohon zakaran tseren babur na Amurka, ya ƙera: dunƙule da gurbi, yana juyawa da kai, yana kuma ficewa in an faɗi. Ficewar nan ita ce sharaɗi. Duk abin da zai haɗa ka da keke, igiya ce, roba ce, ko safar hannu mai manne, in ba zai sake ka da kansa ba lokacin faɗuwa, kada ka hau da shi. Keken zai tafi da kafaɗar. Cibiyar Sultan bin Abdul'aziz ta ayyukan jinƙai da ke Riyad tana da sashen gaɓoɓin roba da gashin ƙashi, kuma ko a wani asibitin kake zuwa, ka tafi da hoton kekenka ka nuna musu abin da kake nufin yi.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa son dogon bayani. Ruwa a jakar goyo mai tiyo, tunda ba za ka miƙa hannu ga gora ba. Taya marar tif da ruwan liƙi a ciki, saboda ƙayar da ke cike da kwarurukan nan, facin taya da hannu ɗaya kuwa wahala ce. Taya mai faɗi, inci 2.4 zuwa 2.6, da iska kaɗan ƙasa da yadda ka saba. Feda shimfiɗaɗɗiya mai haƙora da farko, mai kulle takalmi sai daga baya in ka ga kana so. Hular kwano mai rufe haɓa in za a gangara.

Wa zai ɗauki wanne

Mai lafiyayyun yatsu da kuɗi kaɗan ya jera liba biyu, ya sa babban faifai a gaba, ya sayi sirdi mai sauka, sai damfa in hali ya samu. In ya shekara a haka ya ga duwatsu yake so da gaske, cunkoson kuma ya dame shi, lokacin Duo ya yi, kuma zai saye ta ya riga ya san yatsan da ke jan wanne. Wanda yatsunsa ba sa rabuwa ya ɗauki liba ɗaya, amma wadda aka ƙera don kalifa biyu ko mai bakin waya biyu, ba haɗin gambiza ba, ya kuma yarda cewa hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce da gangare mai sauƙi. Mai hagu ya sa giyar lantarki a lissafinsa da wuri fiye da mai dama.

Ko wane tsari ne, gwajin farko a fili za a yi shi, bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga, da mutum ɗaya a tsaye kusa. A ja layi a ƙasa, a zo a hankali a tsaya a kansa da baya kaɗai, sannan da gaba kaɗai, sannan da duka biyu, sirdi a sauke. A maimaita a kan tsakuwa. In kan keke yana fizgewa gefe duk lokacin da gaba ta kama, a ƙara damfa ko a matso da hannu ciki. In yatsan tsakiya ya gaji kafin minti goma, a matso da libarsa kusa ko a ƙara girman faifan da yake ja. Sai waɗannan sun zauna sannan a nufi Hada ko Shafa, a ranar da babu hazo, da abokin tafiya a gaba yana kiran kwana, tunda ba za ka iya ɗaga hannu ka ba kowa alama ba. Wayarka ta kasance a aljihun da lafiyayyen hannun zai kai, da lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar, 997, a ajiye a ciki.